Babi na Bakwai: Idan Mota Ta Fara Ƙaurin Baƙin Mai

Direban da ya tsaya a cunkoson Kawo ko na titin Ahmadu Bello ya ji ƙauri yana shigowa ta tagar motarsa, bai kamata ya ɗauka cewa daga motar gaba yake fitowa ba, sai ya bincika tasa tukuna. Baƙin mai yana zagayawa ne a cikin inji domin ya hana ƙarafa cin juna, kuma muddin yana inda ya kamata ba a jin ƙaurinsa. Idan aka ji, to ko dai yana yoyo yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ko kuma yana shiga inda fetur ke ƙonewa suna ƙonewa tare. Aikin mai mota shi ne ya gano wanne ne cikin biyun.

Da farko sai a bambance ƙaurin. Na baƙin mai yana da nauyi, yana kama da na man gyaɗa da aka manta a kasko bisa wuta. Na birki ko kuloci yana da kaifi, kuma yakan biyo bayan yawan taka su, na wayar lantarki kuwa na roba ne.

Da zarar ka ji shi, gangara gefen hanya, ka dubi fitilun gabanka, sannan ka kashe mota. Idan jar fitila mai zanen ƙaramar buta ta kama tun kana tafiya, kada ka sake tayar da motar ko da gida yana kusa, domin man bai isa ga ƙarafan ba, kuma tafiyar 'yan mintoci ta isa ta sa inji ya buga. Idan ka ga hayaki mai yawa ko harshen wuta a ƙarƙashin bonet, kowa ya fita ya yi nisa, kada a wangale bonet ɗin domin iska tana ƙara wa wuta ƙarfi, kada kuma a watsa ruwa a kan wutar mai. Ana amfani da yashi ko abin kashe gobara, wanda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tambaya a hanya.

Idan babu wuta, jira kamar minti 30 inji ya huce kafin ka taɓa komai. Mota tana tsaye a wuri mai daidai, ka zaro gejin mai, ka goge shi da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke jikinsa, kuma a ƙananan motoci da yawa tazarar da ke tsakaninsu kusan lita 1 ce. Idan ya gaza, yana zuba ko yana ƙonewa. Idan ya wuce alamar sama, wannan ma matsala ce, domin man da ya yi yawa yana neman hanyar fita.

Daga nan sai neman inda yake yoyo, kuma a nan ake buƙatar haƙuri. Fara daga sama ka gangaro, domin mai ƙasa yake bi, wurin da ya fi jiƙewa ba lallai ne shi ne tushen yoyon ba. Inda aka fi samun matsalar shi ne gaskit ɗin murfin saman inji. Roba ce da zafi ke busarwa har ta tsage, sai mai ya tsiyayo ya sauka a kan bututun salansa inda ya manne da inji, wurin da zafinsa kan wuce digiri 400 a ma'aunin Selsiyus, alhali baƙin mai yana iya kamawa da wuta idan ya ɗara digiri 200. Ƙurar hunturu tana taimakawa a nan, domin tana mannewa a duk inda mai ya bi, ta bar baƙin dauɗa mai danƙo. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, da safe ka duba: ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja-ja kuwa yawanci man giya ne ko na sitiyari.

Idan ƙaurin ya fara ne bayan an yi juye, wato canjin baƙin mai, wataƙila mai ne ya zuba a jikin inji, kuma zai ƙone ya wuce idan an goge wurin. Duk da haka a duba murfin zuba mai, da notin juye da washarsa, da kuma filta. Wani lokaci zoben robar tsohuwar filta yakan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kansa, sai mai ya yi ta tsartuwa.

Canza gaskit ɗin murfi ba babban aiki ba ne, amma sai an share tsohon tas, an ɗaure notuna a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ba tare da matsewa fiye da kima ba. Ina gargaɗi a kan lafta gam a maimakon sabon gaskit, domin gutsattsarinsa yana iya faɗawa cikin inji ya toshe hanyar mai. Idan za ka Panteka ko wani shagon kayan gyara, tafi da tsohon a hannunka ka gwada shi da sabon.

Idan jikin inji a bushe yake amma mai yana raguwa, dubi hayakin salansa. Shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne, baƙi na fetur ne da ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya tsayawa kuwa ruwan lagireto ne ke shiga inji. Shuɗin da ke fita da safe kawai ya ɗauke yakan nuna robobin bawul sun ci, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur kuma yakan nuna ringi, wato zobban da ke jikin fistin, ne suka ci. Kafin ka yarda a sauke inji, ka ce wa bakanike: "Oga, a fara duba ƙaramin bawul ɗin da ke fitar da iskar cikin inji, a kuma auna matsin kowace silinda." Idan bawul ɗin nan ya toshe yana tura mai waje ta kowace kafa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Yawan ƙara mai ko zuba mai kauri ba gyara ba ne, jinkirta shi ne kawai. Bayan an gama aiki a wanke jikin inji yana sanyi, a kiyaye kayan lantarki daga ruwa, sannan ka riƙa duba geji kowace safiya har mako guda, kana rubuta kwanan wata da adadin kilomita a ɗan littafi, domin ka tabbatar man ya daina raguwa.