Yadda Ake Ziyartar Phnom Bakheng a Kambodiya

Wanda ya isa garin Siem Reap da niyyar hawa tsaunin Phnom Bakheng, wanda ke da tsohon ginin ibada a samansa, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne mallakar tikitin shiga yankin tsoffin gine-ginen tarihi na Angkor, wanda ake sayarwa dala 37 na kwana ɗaya, dala 62 na kwana uku. Daga gari ana ɗaukar tuk-tuk, wato abin hawan haya mai kama da Keke Napep, har gindin tsaunin, kuma yana da kyau a yi yarjejeniya da direba ya jira, domin da duhu ya shigo abin hawa yana wuyar samu.

A sa tufafin da ke rufe kafaɗu da gwiwoyi, saboda masu gadi suna mayar da wanda ya saɓa wannan ƙa'ida, a kuma riƙe ruwan sha, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke tsananta. Hanyar hawa ta ƙasa ce, tana zagaya tsaunin ta cikin itatuwa, kuma mai tafiya a hankali zai kai sama cikin kusan minti 20.

Yawancin baƙi suna zuwa ne don kallon faɗuwar rana, amma ba a barin fiye da mutum 300 a saman ginin a lokaci guda, don haka wanda ya makara zai tsaya a layi har rana ta faɗi yana ƙasa. A ganina safiya ta fi, domin a lokacin ne mutum ke samun sukunin duba ginin kansa. Sarki Yasovarman na Ɗaya ne ya gina shi a ƙarshen ƙarni na 9, fiye da shekara 200 kafin Angkor Wat, shahararren ginin ibadar yankin, ya sanya shi tsakiyar sabon babban birninsa, Yasodharapura, ya kuma sadaukar da shi ga Shiva, abin bautar mabiya addinin Hindu. Hawa biyar ne na dutse, kewaye da ƙananan hasumiyoyi 108 da da yawansu suka rushe, an tsara su don kwatanta tsaunin Meru na addinin Hindu. Ina roƙon mai ziyara ya bi matakalar katako da aka kafa, kada ya taka tsoffin duwatsun, domin ƙafafun jama'a sun riga sun cinye su.

Daga sama a dubi kudu maso gabas, inda hasumiyoyin Angkor Wat ke leƙowa daga cikin daji. Musulmin da ya zaɓi yamma ya lissafa lokacin magariba tun kafin ya hau. A Siem Reap akwai masallacin Musulmin ƙabilar Cham da gidajen abincin halal a kusa da shi.