Kurakuran da nake gani wajen masu sa shofo na gaz a Damagaram

Da zarar Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ruwan sato ya yi sanyi ƙarara, sai mutane su tuna da shofo, wato na'urar nan da ake mannawa a bango tana zafafa ruwan dush da gaz. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 butel ɗin gaz ta shiga gidaje da yawa, daga Birni har Zango da Sabon Gari, kuma abu ne mai kyau, amma wallahi yadda ake sa shofo ɗin nan a wasu gidaje yana tayar min da hankali.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane kisa, shi ne a manna shi cikin ɗakin wanka sannan a rufe ƙofa da taga ruf. Kowa tsoron fashewar butel yake, alhali abin da ya fi kayar da mutane ba ya ƙara ba ya wari. Wutar shofo tana cin iskar da ke ɗakin, in iskar ta yi kaɗan gaz ba ya ƙonewa daidai sai ya riƙa fitar da wata guba da ake kira kabon monoksid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa kama jini sau 200 da wani abu, irin dai wadda ke kashe masu kwana da gawayi a ɗaki rufe. Mutum yana cikin wanka zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙafafu su mutu, kafin ya kai ga ƙofa ya faɗi. Wata ƴar uwata haka ta faɗi a dush shekarun baya, aka ɓalle ƙofa aka fito da ita, gida duk aka ce iskokai ne, aka yi ta tofi, sai da ƙanenta ya shiga washegari shi ma ya fito kansa na sarawa sannan aka dubi shofo, ashe ko tiyon fitar da hayaƙi ba a sa masa ba. Addu'a kam a yi, amma duk wanda ya faɗi a ɗakin wanka mai shofo a fara zargin hayaƙin nan tukuna.

Gyaran ba wuya: a fitar da shi waje, a bangon tsakar gida ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama da iska mai ƙarfi ba za su buge shi ba, tiyon ruwan zafi kawai ya shiga ciki. In dole sai a cikin gini, to ya zama wuri mai kafar iska ƙasa da sama, da bututun ƙarfe da zai ɗauki hayaƙi ya hau sama ya fita waje. Kuma don Allah a daina cusa tsumma a kafofin nan saboda ƙura ko sanyi, don numfashinka aka bar su.

Ƙurar hunturu ma tana nata aikin. Tana toshe ƙananan ramukan da wuta ke fita, zanzaro ya gina gidansa a bututu, tsuntsu ya yi sheƙa, shofo ya yi wata 8 ko 9 ba a kunna ba sai kawai a tashe shi ranar da sanyi ya sauko. Ka leƙa wutar. In shuɗiya ce tsaye, lafiya. In ta koma ruwan ɗorawa tana rawa, ko ka ga baƙin hayaƙi ya ɓata bango sama da na'urar, kashe ka kira mai gyara, kuma ko ba ka ga komai ba a share shi sau ɗaya a shekara kafin sanyi.

Sai maganar butel. Na sha ganin an kwantar da ita wai don gaz ɗin da ya rage ya fito, wannan ganganci ne, gaz na cikinta ruwa ne kuma in ya bi tiyo a ruwansa wuta za ta tashi fiye da kima. A tsaye take zama, a inuwa, ba ƙarƙashin shofo ba, ba cikin rami ba, don butan, wato gaz ɗin da ke cikin butel, ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru. Detandar, wato kan da ake ɗaurawa a bakin butel yana rage ƙarfin gaz, ta zama ta butan, mai 28 milibar, an rubuta a jikinta. Tiyo kuwa na gaz ne ba na ban ruwa ba, akwai shekarar da zai mutu a rubuce a jikinsa, zafin garinmu kuma yana tsattsaga roba tun kafin lokacin, a ɗaure bakinsa biyu da kolye, wato zoben ƙarfen da ake matsewa. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Ashana a'a.

Wani abu da masu saye ba sa dubawa shi ne ƴar farantin da ke gefen na'urar. Wasu an ƙera su ne don gaz na bututun gari irin na Aljeriya ko Faransa, za ka ga G20, namu na butel G30 ne, in ka haɗa wancan da butel ba a canza masa kawunan wuta ba zai yi ta hayaƙi.

Matsalar ruwa kuma mun san ta a garin nan. Shofo ba ya kamawa sai ruwa ya bi cikinsa da ƙarfi, to in robine na ɗiga kaɗan-kaɗan ya ƙi tashi sai wani plombiye ya ce bari ya cire abin tsaro ko ya haɗe wayoyin don ya riƙa kamawa. Kar ka yarda, abin nan shi ke yanke gaz in wuta ta mutu ko hayaƙi ya dawo. Duba pil ɗin nan manya guda 2 masu kunna wutar tukuna, wanke matacin da yashi ke toshewa, in ƙarfin ruwa ne a ɗaga sato ko a sa ƙaramin famfon turawa. Zafin ma kar a murɗa shi ƙarshe, ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan, uwa ta taɓa da hannunta kafin ta sa shi.

In ka ji warin gaz, rufe butel, buɗe ƙofofi, kar ka taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, fita waje sannan ka kira pompiye a lamba 18. In kuma wani ne ya faɗi, ja shi zuwa fili cikin iska, a kashe shofo, a kai shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, don gubar tana nan a jininsa, kuma a faɗa wa likita cewa shofo na gaz na kunne lokacin da abin ya faru.