Yadda ake daidaita faɗi da siffar ƙololuwa a lissafin Rietveld

Ɗalibi a Samaru zai karɓo sakamakon XRD (awon tsarin kiristal da hasken X-ray, mai fitowa a zane mai ƙololuwai) na farar ƙasar Ƙanƙara, wato kaolinait, ya zuba shi cikin manhajar FullProf ko GSAS-II don lissafin Rietveld, wato daidaita zanen da aka lissafa da wanda aka auna, ya saki duk ma'aunai lokaci guda manhaja ta daidaita su, sai lissafi ya watse masa. Galibi faɗin ƙololuwa ne ke jawo haka, domin yana sauyawa yayin da kusurwar awo, 2θ, ke hawa, kuma wani ɓangarensa na na'ura ne, wani na samfuri. Aikinka shi ne ka raba su.

Fara da na'ura. Roƙi mai kula da ita ya auna maka garin LaB6 ko na silikon da ake gwada na'ura da shi, da saiti iri ɗaya da na samfurinka. Wannan gari kusan ba ya ƙara faɗi na kansa, saboda haka abin da ka gani na na'ura ne. Daga nan ka fitar da U, V da W na dokar Caglioti ta 1958: faɗin ƙololuwa a rabin tsayinta, idan aka ninka shi da kansa, ya zama U tan²θ + V tanθ + W. Saki W tukuna, sannan V da U. Da sun zauna, kulle su.

Sai samfurinka. Gyara sikeli, layin ƙasa (wanda ƙololuwai ke tashi daga kansa), kuskuren sifirin kusurwa da ma'aunan sel (ƙaramin gidan da kiristal ke maimaitawa) kafin ka taɓa siffa, ka kuma tabbatar manhajar ta san akwai Kα2, wato haske na biyu mai tagwaita ƙololuwa, idan fitilar X-ray ta na'urar ta tagulla ce.

Yanzu zaɓi siffar ƙololuwa ta pseudo-Voigt ta Thompson, Cox da Hastings ta 1987. Ƙanƙantar ƙwayoyin kiristal tana faɗaɗa ƙololuwa gwargwadon 1/cosθ, matsin cikin kiristal kuma gwargwadon tanθ. Nan ne mutane ke faɗawa rami: a GSAS, ma'aunin X na wannan siffa na girman ƙwaya ne, Y na matsi, amma a FullProf an juya su. Saki ɗaya, duba, sannan ɗayan. Idan wani ya koma ƙasa da sifiri, mayar da shi sifiri ka kulle.

Ƙasa da digiri 30 na 2θ ƙololuwa kan jawo wutsiya ta hagu. Gyaran Finger, Cox da Jephcoat na 1994 ne maganinta. Amma idan ƙololuwar 001 ta kaolinait, wajen digiri 12, ta wuce lissafi tsayi, wannan ba siffa ba ce. Ƙwayoyin falle-falle ne, sun kwanta lokacin da aka danna garin. Sake cusa shi ta gefe, ko ka sa gyaran March-Dollase na kwanciyar ƙwayoyi.

Ni dai layin bambanci tsakanin awo da lissafi na fi yarda da shi kan adadin Rwp, mai taƙaita dacewarsu a lamba ɗaya. Idan ya nuna wasu ƙololuwai sun fi maƙwabtansu faɗi, gwada tsarin Stephens na 1999. Tudun da ke tsakanin digiri 20 da 23 a kaolinait kuwa daga rashin jeruwar fallayen yake, babu U ko Y da zai share shi. Rubuta hakan ƙarara a kundinka.