Darasi na Tara: Harafin da Ake Sassaƙawa a Juye

Ku rubuta ƙaramin harafin b a takarda, ku ɗaga ta gaban madubi. Me kuka gani? Ya koma d. To, abin nan da madubi ya yi, shi ne tushen aikin duk wani tsohon injin ɗab'i. Harafin da za a shafa wa tawada a danna a takarda dole ya kasance a juye, in ba haka ba rubutun ne zai fito a juye.

Tun wajen shekarar 1040 wani mutumin ƙasar Sin mai suna Bi Sheng ya riƙa yin haruffa ɗaiɗai da yumɓu yana gasawa. A Koriya an buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377. Sai wajen 1450 Johannes Gutenberg, a birnin Mainz na Jamus, ya narka darma da kuza da wani ma'adini mai ƙara tauri, ya riƙa zuba haruffa masu yawa iri ɗaya, ya kuma yi injin matsa takarda irin na masu matse inabi. Shekaru ɗari huɗu da ɗoriya ana jera haruffa da hannu ɗaya bayan ɗaya, kafin injin Linotype ya shigo a 1886 yana zuba layi guda sukutum. Yau kwamfuta ta karɓe aikin, amma har yanzu akwai masu neman tsofaffin injinan, su wanke tsatsa, su sa mai, su buga katin gayyata ko 'yar waƙa don sha'awa kawai. Ina ganin mai koyon karatu ya fi kowa cin ribar wannan sha'awa, domin wanda ya sassaƙa harafi da hannunsa ba ya sake mance siffarsa.

Ba sai kun mallaki inji za ku fara ba. Ku nemi robar goge fensir mai faɗi, da fensir mai laushin baki, da sabuwar reza ko 'yar wuƙa mai tsini, da akwatin tawadar hatimi irin na ofis, da farar takarda.

Mu fara da kalmar UWA. Na zaɓe ta da gangan. Manyan haruffan nan uku, U da W da A, ko an nuna su a madubi ba sa sauya kama. Haka ma H, I, M, O, T da Y. Sai mutum ya ɗauka ai shi ke nan, ya zana UWA a jikin roba yadda ya saba rubutawa, ya yanke, ya danna. Abin da zai fito a takarda shi ne AWU. Haruffan ba su juya ba, amma jerinsu ya juya: na farko ya koma ƙarshe. Kowane ɗalibi ya gwada wannan kuskuren sau ɗaya da idonsa, ya fi a gaya masa sau goma.

Ga dabarar da ke raba ku da wannan wahala. Ku rubuta kalmar a takarda daidai yadda ake karantawa, ku bi kanta da fensir sau biyu ko uku har ta yi baƙi ƙirin. Ku kife takardar a kan robar, rubutun na kallon roba. Ku riƙe da kyau kada ta gusa, ku goga bayanta da farce. In kun ɗaga, za ku tarar baƙin fensir ya sauka a robar, a juye, da kansa.

Yanzu sai yanka, kuma nan ne wurin haƙuri. Harafin ba shi ake cirewa ba, abin da ke kewaye da shi ake cirewa, a bar shi a tsaye kamar tudu. Ku bi gefen layi da bakin reza a karkace, yadda gindin harafin zai fi samansa faɗi. Idan kuka yanka a miƙe ko kuka shiga ƙarƙashinsa, ƙafar A za ta yi lanƙwasa da zarar an danna, ba da jimawa ba ta ɓalle. Zurfin yankan bai wuce kaurin ashana ba. Bakin reza ya riƙa tafiya yana nisantar yatsun da ke riƙe da roba, kuma in reza mai baki biyu ce, a naɗe ɗaya bakin da tsumma ko salatif. Ɗan ramin da ke cikin A, a bar shi sai ƙarshe, a ciro shi da tsinin reza a yanka uku.

Ku taɓa hatimin, wato robar da kuka sassaƙa, a tawada sau uku a hankali, kada ku dirje shi. Ku shimfiɗa takardu huɗu ko biyar a ƙarƙashin wadda za ku buga, don wurin ya yi taushi. Ku danna sau ɗaya, ku ƙirga uku, ku ɗaga sama tsaye. Bugun farko ba ya yin kyau, kuma shi ne malaminku: duk inda kuka ga ɗigon tawada a wajen harafi, akwai tudun da ba ku rage ba.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar kulawa ta musamman. Mun ga b tana komawa d a madubi, amma ɓ ba ta komawa ɗ. Ku duba da kyau: ƙugiyar ɓ da ta ɗ duk dama suke lanƙwasawa. Idan aka juya ɓ, ƙugiyarta hagu za ta kalla, kuma babu irin wannan harafi a rubutunmu. Yawancin tsofaffin akwatunan haruffa da tafiretoci an ƙera su ne don harsunan Turai, babu waɗannan ukun a ciki, shi ya sa a da masu buga tafireta kan sa 'yar waƙafi a sama kusa da harafin, ko su ƙara ƙugiyar da biro. Wanda ya iya sassaƙa nasa ya huta da wannan.

Wanda Allah ya haɗa da ƙaramin injin hannu, irin Adana da aka fara ƙerawa a Ingila a 1922, zai ga aikin ɗaya ne, kayan ne suka bambanta. Ana jera haruffan darma a wani ɗan ƙarfe da ake riƙewa a hannun hagu, daga hagu zuwa dama, amma kawunansu a ƙasa. Kowane harafi yana da 'yar tsaga a jikinsa, yatsa ke jin ta ya san ya zauna daidai ba sai ido ya duba ba. Sai a ɗaure layukan cikin firam har in an ɗaga babu wanda zai zube. Tawada kaɗan ake ɗigawa a faifan da ke sama, a yi ta danna hannun injin har robobin birgima su baje ta ko'ina. Ku saurara da kunne: in ta yi daidai za ku ji 'yar shashsheka mai laushi, in ta yi yawa za ku ji tana ɗanƙo tana tsattsage. Darma guba ce, saboda haka ba a sa harafi a baki, ba a barin yara su yi wasa da shi, kuma a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Robobin birgima kuwa a goge su da kananzir kafin tawada ta bushe.

Aikin gida: kowa ya sassaƙa harafin farko na sunansa, ya buga shi sau biyar a takarda ɗaya. A ƙarƙashin kowane bugu ya rubuta da fensir abin da ya gyara kafin na gaba. Wanda ya gama ya gwada kalmar ƙofa da ƙananan haruffa, ya zo da hatimin da takardar a zama mai zuwa.