Darasi na Shida: Goɗiya, Daga Baye Zuwa Haihuwa

Ranar Hawan Daushe a Kano idon kowa yana kan ingarma. Ana yabon sirdi da linzami, ana yabon mai hawa. Ba mai tambayar goɗiyar da ta haifi dokin, alhali tana can ƙauye a ɗaure a turke, wani lokaci ko dusa ba ta samu. Wanda yake so ya ci abinci da kiwon dawaki, ya kai dukushi kasuwar Maigatari ranar Alhamis a yi rububinsa, daga goɗiya zai fara.

Lokacin baye

Kada ka kai goɗiya baye sai ta cika shekara 3, in ta kai 4 ya fi. Ƙaramar goɗiya ita ma girma take yi, ciki zai tauye ta. Goɗiya takan nemi namiji kusan kowane kwana 21, neman kuma yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Za ka ga tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsayawa in ingarma ya matso. In ta kwantar da kunnuwa tana kai harbi, lokaci bai yi ba. Ka janye ta, kada a raunata dokin mutane.

Ka rubuta ranar baye a littafinka. Amfanin karatun da kake yi ke nan. Cikin goɗiya wata 11 ne, wato wajen kwana 340, yakan ragu ko ya ƙaru da mako biyu ko uku. In an yi baye a watan Yuli, sai ka sa ido a watan Yuni, lokacin da ɗanyar ciyawa ta fara fitowa.

A watanni ukun ƙarshe ɗan ya fi girma a ciki. A ƙara mata harawa da dusa da ɗan gero, amma sannu a hankali, domin canza wa doki abinci farat ɗaya yana kawo ciwon ciki. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. A daina ɗora mata kaya. A kira malamin dabbobi ya yi mata allurar rigakafin tetanus, wato ciwon da ke sandarar da jiki, kamar wata guda kafin haihuwa.

Daren haihuwa

In haihuwa ta kusa, hantsa takan cika, kuma wani abu kamar kakin zuma yakan taru a bakin nonon. Daga nan ka share barga, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka kwance mata dabaibayi. Yawanci da dare suke haihuwa, kuma ba sa son taro. Ka kori yara, ka tsaya nesa da tocila.

Bayan faya ta fashe, abin ba ya daɗewa. Ƙafafun gaba biyu ne za su fara fitowa, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci yana kwance a kansu. In minti 20 zuwa 30 sun wuce ba ci gaba, ko ka ga ƙafa ɗaya kawai, ko wutsiya, a kira malamin dabbobi nan take. Kada a ɗaura igiya a ja. Mutane sukan yi wa saniya haka su sha, goɗiya kam sai a yi asarar uwa da ɗa.

Yanzu ka riƙe lissafin nan: 1, 2, 3. Cikin awa 1 ɗan ya miƙe tsaye. Cikin awa 2 ya kama nono. Cikin awa 3 mabiyiya ta faɗo. In ta wuce haka ba ta faɗo ba, kada ka fizge ta. Guntun da ya rage a ciki zai ruɓe, goɗiya ta kamu da zazzaɓi, ciwon ma ya sauka a kofato. Aikin malami ne.

Nonon farko, wato dakashi, shi ne rigakafin ɗan. Wasu sukan tatse shi su zubar, wai ƙazanta ne. Kuskure ne babba. Ana haifar ɗan doki ba shi da kariya daga cuta, daga dakashi yake samu, kuma bayan kwana ɗaya cikinsa ba ya iya karɓar wannan kariya. In ya kasa kamawa, ka tatsa a kwano mai tsabta ka ba shi da kwalba.

Cibiya da kanta take tsinkewa in uwar ta miƙe. A shafa wa cibiyar ɗan aidin. Ban da toka, ban da kashin shanu.

Ana yaye dukushi yana wata 5 zuwa 6. Kafin nan ka saba masa da hannu da ragama, amma maganar sirdi sai darasi na gaba.

Aiki

An kai goɗiya baye a watan Maris. A wane wata za a sa ran haihuwa? Rubuta amsar, sannan ka rubuta abubuwa uku da za ka tanada a barga kafin ranar.