Yadda ake tantance abincin kare na asibiti kafin a biya kuɗin buhu

Masu fara kiwon kare sukan shiga shago da takardar likitan dabbobi, su ga buhu mai ƙyalli da tsada, su biya kawai. Juya buhun tukuna, ka karanta ƙananan rubutun da ke baya.

Fara da sanin mai kayan. Royal Canin na kamfanin Mars ne, masu cakulan, su ne kuma masu Pedigree da Iams. Hill's yana hannun Colgate-Palmolive tun 1976, Purina Pro Plan kuma na Nestlé ne. A 2017 Mars ta sayi asibitocin dabbobi na VCA a Amurka, ga na Banfield dama a hannunta, wato mai sayar da abincin da mai asibitin sun zama ɗan Juma da ɗan Jummai. Ban ce kayansu ba su da kyau ba, manyan nan su ke da ɗakunan gwaji da ƙwararru. Amma ka tambayi likitanka dalilin da ya sa ya zaɓi wannan, da ko akwai makamancinsa mai sauƙin kuɗi.

Sannan duba ko kamfanin da kansa ya sarrafa, ko wani ya ba kwangila. A 2007 masana'anta ɗaya ta Kanada, Menu Foods, ita ke dafa wa sunaye barkatai. Da aka samu gubar melamine a kayan alkamar da aka shigo da su daga Sin, masu tsada da masu araha duk abin ya shafa.

Inda kowa ke faɗuwa shi ne lambar rukuni, wato lambar da ke nuna kayan da aka sarrafa tare a lokaci ɗaya. Tana kusa da ranar lalacewa, yawanci da kalmar Lot a gabanta, wani lokacin a ƙasan gwangwani, tawadarta kuma ba ta da wuyar gogewa. Mutum ya farke buhu, ya juye a bokiti, ya ba yara ledar su yar. To ranar da kamfani ya janye kaya, da wannan lambar yake sanarwa, ba da suna kaɗai ba. A Janairun 2019 Hill's ta janye wasu gwangwanaye saboda bitamin D ya yi yawa, matsalar daga mai kawo musu haɗin bitamin ta taso. A 2023 Purina ma ta janye wani abincinta na asibiti kan wannan dalilin. Don haka ɗauki hoton lambar da wayarka tun kana shago, ka bincika a shafin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ko na kamfanin. Buhun kuma a saka shi yadda yake cikin bokiti mai murfi. Idan kare ya fara amai, ya ƙi ci, yana shan ruwa da fitsari fiye da ƙima, tsayar da abincin, ka kai shi asibiti da hoton.

Ni ban yarda da na awo ba, wanda ake ɗiba a ƙulla a leda. Yana da araha, amma babu lamba, babu rana, ba ka san tun yaushe aka buɗe shi ba. Da damina fumfuna ba ta jira, kuma gubarta ce a masara ta kashe karnuka a Amurka a ƙarshen 2020, aka janye abincin kare mai suna Sportmix.

Sayi ƙaramin buhun da zai ƙare cikin wata guda, ɗora shi kan katako, nesa da rana. Sauyin abinci a yi shi cikin mako ɗaya, ana gauraya sabo da tsoho kaɗan-kaɗan, sai dai in likita ya ce a sauya nan take.