Yadda za ka zaga lardin Salerno cikin kwana uku

Ka kama masauki a cikin birnin Salerno da ke kudancin Italiya, kada ka nufi Positano ko Amalfi da kayanka. Ɗaki ya fi araha a nan, kuma daga tashar jirgin ƙasa zuwa inda ake hawa jirgin ruwa da ƙafa ake zuwa. Daga Napoli tafiyar wajen minti 40 ce a jirgin ƙasa. Ka zo a Mayu, Yuni ko Satumba. A Agusta Italiyawa ke fitowa hutu, zafi da cinkoso su haɗe maka.

Ranar farko ta tsohon gari ce. Fara da babbar majami'ar da Robert Guiscard, mai mulkin yankin a lokacin, ya gina a shekarun 1080, a rufe kafaɗa da gwiwa kafin a shiga. Daga nan hau tudu zuwa Giardino della Minerva, lambun da aka fara koya wa ɗaliban likitanci sanin ganyayyakin magani a cikinsa a ƙarni na 14. Makarantar likitancin Salerno ta yi suna a duk Turai, kuma littattafan Larabci da Kostantin mutumin Afirka ya fassara zuwa Latin a ƙarni na 11 suna cikin abin da ya ɗaga ta.

Rana ta biyu, Amalfi. Bi ta ruwa, kusan minti 35. Titin gaɓa mai lamba SS163 siriri ne, an sassaƙe shi a jikin dutse, kwana kan kwana. Idan bas biyu suka yi kiciɓis a lanƙwasa sai ɗaya ta ja da baya, layi ya taru. Sai dai jiragen ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba suka fi aiki, kuma in teku ya tashi ana soke tafiya. A irin wannan rana hau bas ɗin kamfanin SITA. Sayi tikiti tun a ƙasa, a shagon da ke da alamar T, ka buga shi a na'ura da zarar ka shiga, in ba haka ba tara ce. Zauna a hagu in kana fitowa daga Salerno, nan teku yake. Wanda mota ke sa wa jiri ya nemi kujerar gaba.

A Amalfi akwai matakala 62 zuwa ƙofar majami'a. Kada ka tsaya nan, shiga Chiostro del Paradiso, farfajiyar majami'ar ta ƙarni na 13, ka ga siraran ginshiƙai farare da bakan gini masu tsini da suka saƙu da juna. Salon Larabawa ne, gadon cinikin Amalfi da Masar da arewacin Afirka. Motar haya kuwa a bar ta: wurin ajiyewa tsada, kuma shiga unguwa mai alamar ZTL, wato inda aka taƙaita shigar motoci, ba izini kyamara ce ke ɗaukar lamba.

Rana ta uku, Paestum. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne tsallake ta. Rabin awa ce a jirgin ƙasa zuwa kudu. Girkawa suka kafa ta wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, da sunan Poseidonia, kuma haikalinsu uku na tsaye har yau, dutsen launin zuma. Fili ne fetal, inuwa kaɗan, don haka a je da sassafe da hula da ruwa. A gidan tarihin wurin nemi murfin kabarin da aka tono a 1968: hoton wani saurayi ya miƙe hannu ya tsunduma cikin ruwa daga kan dakali.

A kewayen nan ake kiwon ɓaunar da ake yin cukun mozzarella da madararta. Ka ci shi ranar da ka saya, ka bar shi cikin ruwansa, kada ya shiga firji, sanyi na kashe masa ɗanɗano da laushi. Mai ƙaurace wa naman alade ya kula da kalmomin maiale, prosciutto da strutto, wato alade, cinyarsa da aka sarrafa da kitsensa, kuma limoncello giya ce, ba ruwan lemo ba.